Ɗantsoho Mai Rediyo Ya Zaɓo Mataimakin Shugaban Ƙasa

A Sandamu babu wanda bai san Ɗantsoho mai gyaran rediyo ba. Ba don gyaran aka san shi ba, domin rabon da rediyo ya shiga rumfarsa ya fito yana magana har an manta. Da baki aka san shi. Rumfar tasa tana gindin wata dalbejiya, kusa da teburin Auta mai shayi, kuma a wurin Ɗantsoho duk abin da zai faru a Abuja sai ya biyo ta nan tukuna. In an sauke minista, ya ce shi ya hango tun watan azumi. In an naɗa wani, ya ce ai shi ya fara ambatar sunansa, mutanen Sandamu ne ba sa saurare.

Shekarar da jam'iyyar Garma ta zo zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, Ɗantsoho ya ajiye gyara gaba ɗaya. Mutum uku ne ke neman tikitin: wani tsohon gwamna, da wani lauya, da wani injiniya ɗan kudu. Ranar Laraba da hantsi, saura kwana biyu a yi zaɓen, ya share gaban rumfa, ya zana taswirar ƙasa da sukundireba, ya juye buhun matattun batura a kai. Kowane batir, in ji shi, daliget ne, wato wakilin jam'iyya mai jefa ƙuri'a.

"Ku matso ku ga ilimi," ya ce wa 'yan majalisar mai shayi. "Wannan babban tulin na Tsohon Gwamna ne. Wannan madaidaicin na Lauya. Waɗannan ukun da suka yi tsatsa kuwa na Injiniya ne. Magana ta ƙare, Tsohon Gwamna ya lashe."

Malam Abdulmuhaimin, wanda ya shekara talatin yana koyarwa a firamare kafin ya yi ritaya, ya leƙo ta saman tabarau. "Su daliget ɗin sun san ka raba su?"

"Malam, kai alli ka sani. Siyasa ba allon aji ba ce."

Bai rufe baki ba wayar Auta ta fara labaran rana. Abu na farko da mai labarai ya faɗa shi ne Tsohon Gwamna ya janye daga takara. Ido ya koma kan Ɗantsoho. Shi kuwa ko gezau. Ya sa gefen takalmi ya tura babban tulin ya haɗe da na Lauya.

"Abin da nake shirin gaya muku ke nan kuka katse ni. Janyewar nan shiri ne. Lauya aka share wa hanya."

Ranar Asabar aka wayi gari Injiniya ya cinye zaɓen da rata mai yawa. Malam Abdulmuhaimin ya zo da sassafe, ya tsinci batir ɗaya cikin ukun nan, ya ɗaga sama don kowa ya gani.

"Ɗantsoho, masu tsatsa fa suka ci."

"Tsatsa a waje take, Malam. Ka taɓa fasa cikin batir ka gani?"

Aka kwashe da dariya har Auta ya zubar da madara. Daga ranar 'yan acaba suka laƙaba masa suna Tsatsa, duk wanda ya wuce sai ya danna hon ya kira. Abin ya yi wa Ɗantsoho ciwo ƙwarai, musamman da ya ga masu tambayar labarin siyasa sun fara juya benci suna fuskantar Malam. Ya kwana biyu yana zumɓure-zumɓure. Sai rediyo ya ce Injiniya zai bayyana wanda zai yi masa mataimaki ranar Lahadi mai zuwa bayan azahar. Nan take Ɗantsoho ya farfaɗo.

"Wannan kam ba sai an zube batura ba," in ji shi ranar Litinin. "Ku biyo ni a hankali. Injiniya ɗan kudu ne, dole ya ɗauko ɗan arewa. A arewa ina ƙuri'a take? Yammacinta. A nan kuma wace jiha ta kai Katsina? A Katsinan wa zai tsallake ƙasar Daura? To a ƙasar Daura ana neman mutum mai jama'a, marar abokin gaba, wanda bai taɓa riƙe wani babban muƙami ba balle a tono masa wani abu."

"Saura kaɗan ka ce kai ne," in ji Malam.

"Da na yarda, da ni ne. To wa zan bar wa rumfar? Ku rubuta ku ajiye: Alhaji Kalilu Maiturare."

Alhaji Kalilu Maiturare dillalin shanu ne a kasuwar Mai'Adua, gidansa yana Kongolam. Da ƙuruciya ya yi tallar turare, shi ya sa sunan ya bi shi. Siyasar da ya taɓa yi a duniya ita ce kansila sau ɗaya, shekara ashirin da suka wuce.

"Alhaji Kalilu?" in ji Auta. "Wanda ko Kaduna ba ya son zuwa?"

"Shi ya sa! Wanda ba a sani ba, da me za a zage shi?"

Shirin Ɗantsoho mai sauƙi ne. Shi zai riga kowa kai wa Alhaji mubaya'a. In an rantsar da Alhaji, wa zai tuna kafin mutumin da ya fara ganin haskensa? Babban Mai Ba Da Shawara, da mota, da direba, da ofis mai sanyi. Washegari ya hau bayan Hussaini ɗan acaba suka nufi Kongolam.

Abin da Ɗantsoho bai sani ba shi ne, ƙungiyar dillalan shanu ta kasuwar ba ta da mataimakin shugaba tun da mai riƙe da kujerar ya rasu. A ranar Lahadin nan za a cike gurbin, kuma Alhaji Kalilu aka yi wa alkawari a asirce.

Suka tarar da shi a garke yana duba kofaton wani farin sa mai ƙaton tozo. Ɗantsoho ya zube har ƙasa, gaisuwar da bai taɓa yi wa Alhaji ba.

"Lafiya, Ɗantsoho? Rediyona ka kawo?"

"Ranka ya daɗe, maganar ta wuce rediyo. Kan batun mataimakin nan na zo."

Alhaji ya saki ƙafar sa, ya waiga hagu da dama. "Ikon Allah! Har ta kai Sandamu? Ai cewa aka yi a riƙe ta a ciki."

Ɗantsoho shi kansa bai zaci abin zai faɗa daidai haka ba. Ya dafa turke. "Wato an tuntuɓe ka?"

"Shugaban da kansa ya kira ni shekaranjiya. Ya ce ya duba gabas da yamma bai ga wanda zai iya da mutanen nan ba sai ni. Ka san halinsu. Kowa da bakinsa, a zauna taro a tashi da faɗa."

"Haka suke, ranka ya daɗe! Kullum ina jin su a rediyo."

"Har a rediyo ake sa su?" Alhaji ya girgiza kai. "Allah ya kyauta."

"Yaushe za a sanar?"

"Lahadi bayan azahar."

Ɗantsoho ya juya ya kalli Hussaini, Hussaini ya saki baki. "A ina za ka kasance, ranka ya daɗe?" in ji Ɗantsoho.

"A kara mana, cikin shanu. Ina zan je?"

"Ka ji mutumin jama'a! Akwai masu adawa?"

"Akwai Jafaru. Shi ma yana so, yana ta zuga mutanen Baure."

"Bar ni da Jafaru. Jafaru bai kai batir ɗaya ba."

Alhaji bai gane zancen batir ba, amma ya ji daɗi. Ya ce, "Don Allah dai kada a yi hayaniya. Abin nan a natse ake so."

"Ko tari ba za ka ji ba."

Kafin su tafi Ɗantsoho ya roƙi Alhaji ya tsaya a ɗauke shi hoto da wayar Hussaini. Alhaji ya ƙi sakin igiyar farin sa, don haka da san aka ɗauka.

Ko sauka daga babur Ɗantsoho bai gama ba, rabin Sandamu ta ji. Wannan karon kuma da shaida. Hussaini ya rantse da kunnensa ya ji Alhaji ya ce shugaba ya kira shi, kuma Lahadi bayan azahar za a sanar.

"Wane shugaba?" in ji Malam Abdulmuhaimin.

"Shugabanni nawa ne a takarar, Malam? Ko kai ma ka tsaya ne ba mu sani ba?"

Malam ya shafa gemu, ya koma wa shayinsa. Bencuna suka sake juyowa wajen rumfa. Sunan Tsatsa ya ɓace, aka koma Mai Shawara. Ɗantsoho ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya shiga rabon muƙamai. Hussaini ya sami harkar sufuri ta ƙasa baki ɗaya. Auta aka ba shi hukumar sukari. Wani tsoho ya zo neman taki, aka ce ya je ya share rumbu. Matan bayan kasuwa suka aiko a tuna da su kan rijiyar burtsatse, Ɗantsoho ya ce guda nawa suke so.

"Ni fa?" in ji Malam.

"Kai sai ka tuba a gaban jama'a tukuna, sannan a duba maka wani abu a ilimi. Ƙarami."

A gida ne kawai muƙamin bai ci kasuwa ba. Ya tarar da matarsa Rabi tana tankaɗe a tsakar gida.

"Rabi, ki fara koyon hawa bene. Abuja za mu koma."

"To, Malam. Kafin mu tafi a gyara min rediyon da na ba ka tun bikin Zulfa. Yanzu 'ya'yanta biyu."

"Ke matsalarki ƙananan abubuwa. Ragon nan naki nake so, za a yi wa tawaga abinci ranar Lahadi."

Rabi ta ajiye rariya. "Ragon da nake kiwo tun yana shan nono? Alhaji Kalilu mai shanu garke guda, shi ne za a yanka wa ragona?"

"Idan na shiga ofis, raguna goma zan aiko miki."

"Idan sun iso ka yanka ɗaya a ciki."

Da ta shiga maƙwabta ɗebo wuta, Ɗantsoho ya lallaɓa ya kwance ragon. Ya juya baya ke nan zai ja shi zuwa zaure, rago ya ja da baya ya auna shi. Rabi ta dawo ta tarar da mai gidanta zaune daram cikin bahon ruwan wanki, rago yana cin dusa abinsa.

"Wanka kake kafin Abuja, Malam?"

Ya fito daga baho yana ɗiga. Tawaga dai ta haƙura da nama.

Ranar Juma'a ya shiga Daura wurin Yazid mai buga fosta, ya ce a haɗa hoton Injiniya da na Alhaji. Yazid ya ce akwai sa a hoton, a ba shi kwana biyu ya cire. Ɗantsoho ya ce ƙasa ba za ta jira sa ba, a buga yau. Da fostoci suka iso Sandamu aka buɗe, sai ga Injiniya a hagu yana murmushi, farin sa a tsakiya ya cika takarda, Alhaji kuma a can gefe, rabin fuska da kunne ɗaya. A ƙarƙashin san daidai aka rubuta da manyan baƙaƙe: MATAIMAKIN SHUGABAN KASA.

Malam Abdulmuhaimin ya gyara tabarau ya daɗe yana dubawa. "To, mataimakin dai na gan shi, da tozonsa. Amma wace kasa ce? Kasa macijiya, ko kasa ta wanda ya gaza? Ban ga ƙugiya a kan harafin ka ba."

"Ƙugiya za ta kaɗa ƙuri'a? Sa kuwa alamar ƙarfi ce. Da gangan na sa aka bar shi."

Lahadi ta zo. Tun hantsi babura ashirin suka yi layi a gaban rumfa, kowanne da fosta a goshi. Aka samo akori-kura, aka ɗora makaɗan kalangu biyu da wata tsohuwar lasifika da Ɗantsoho ya kwana uku yana gyarawa. Ya ɗaure rediyo a jikinta da tsumma, don in lokaci ya yi duk kasuwa ta ji sanarwar da kunnenta. Shi kansa ya sha babbar riga ta aro wadda ta fi shi tsawo, ya haye bayan mota ya riƙe makirfo. Malam Abdulmuhaimin ya shiga gaba kusa da direba. Ya ce shi ba mubaya'a za shi ba, kallo za shi.

Ba su kai Daura ba motar ta mutu. Ministan sufuri da shugaban hukumar sukari suka sauka suka tura. Da ta tashi, Ɗantsoho ya ce bari ya gwada lasifika a tsakiyar gari. Ya kai makirfo baki, waya ta taɓa leɓensa, wuta ta ja shi.

"Wayyo Allah, na mutu!"

Lasifika ta ɗauka ta watsa wa unguwa guda. Mata suka leƙo daga zaure suna salati, wani mai shago ya fito da bokitin ruwa. Ɗantsoho ya naɗe makirfo da hular Auta, ya ce gwaji ne, kuma an ga tana aiki.

Ana idar da sallar azahar suka shiga Mai'Adua. Kasuwa ta cika maƙil, kara ta batse da shanu, ɗaure a turaku layi-layi. A ƙarƙashin wata rumfa dillalai sun zauna a kan tabarmi, shugabansu ya miƙe yana gyaran murya, Alhaji Kalilu yana gefensa cikin farar shadda yana sunkuyar da kai irin na mai jiran a kira sunansa. Jafaru yana can baya ya haɗe rai.

Ɗantsoho ya hango su, ya ɗaga hannu. "Yanzu!"

Babura ashirin suka danna hon a tare. Kalangu ya ɗauka. Lasifika ta yi wata irin ƙara mai tsinin allura, sannan muryar Ɗantsoho ta fashe a kan kasuwa: "Sai Maiturare! Daga kara sai fadar ƙasa!"

Farin san Alhaji ne ya fara tsinke igiya. Na kusa da shi ya tumɓuke turke ya bi shi da turken a wuya. Kafin ka ce me, kara ta rikice. Shanu suka yi cikin 'yan tumaki, tumaki suka yi cikin 'yan hatsi. Mai fura ta bar ƙwarya ta haye buhunan gero. Wani mahauci ya rungume tiren tsirensa ya shige ƙarƙashin tirela. Dillalai suka watse, kowa yana kiran sunan Allah da kalar sansa. Wani bajimi ya soke fosta da ƙaho ya yi ta zagaya kasuwa da Injiniya a ka.

"Jama'a ku kwantar da hankali!" in ji Ɗantsoho ta lasifika. "Murna ce! Har dabbobi sun san an yi zaɓi nagari!"

Alhaji Kalilu ya ratso ƙura ya iso gindin mota, hula ta faɗi, shadda ta sha kashin shanu har gwiwa.

"Ɗantsoho! Mene ne wannan? Ba na ce kada a yi hayaniya ba?"

"Ranka ya daɗe, Mai Girma, dakata! Lokaci ya yi. Saurara da kunnenka."

Ya murɗa rediyo har ƙarshe. Ikon Allah, ran nan rediyon Ɗantsoho ya yi magana tangaran, ko shaƙewa babu. Mai labarai ya ce yanzun nan ɗan takarar jam'iyyar Garma ya bayyana wadda za ta yi masa mataimakiya, wato Farfesa Amatullah, likitar yara daga arewa maso gabas. Ya maimaita sunan sau biyu, lasifika ta kai shi har bakin tasha.

Kalangu ya mutu a hannun makaɗa. 'Yan acaba suka fara ɓanɓare fosta daga goshin babura a hankali. Malam Abdulmuhaimin ya zuro kai ta tagar mota.

"Ɗantsoho, Alhaji ya sake suna ne, ko makarantar likita ya shiga ba mu sani ba?"

Ɗantsoho ya manta makirfo yana bakinsa. "An canza ne a minti na ƙarshe. Har yau da safe sunan Alhaji ne a takarda."

"Wace takarda?" in ji Alhaji. "Wane suna?"

"Na mataimakin shugaban ƙasa, ranka ya daɗe. Ba kai ka ce shugaba ya kira ka ba?"

"Shugaban dillalai! Ga shi can a kan katanga!" Alhaji ya nuna wani dattijo da ya maƙale a saman katangar kara, takalmi ɗaya a ƙafa. "Mataimakin ƙungiyar dillalan shanu za a ba ni! Ni da Abuja me ya haɗa mu? Ni da ko lif na hawa bene ban taɓa shiga ba!"

Duk wannan ta lasifika ya fita, don Alhaji ya matso dab da makirfo. Kasuwa ta ɗauki dariya daga wannan gefe zuwa wancan, har waɗanda ke bin shanu suka tsaya suna riƙe ciki. Auta ya fizge hularsa daga makirfo, wuta ta sake jan Ɗantsoho, ya yi tsalle ya taka gefen rigar aro, ta yage tun daga wuya.

Aka sauko da shugaban dillalai daga katanga. Ko zama bai yi ba ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin mai neman kujerar ƙungiya ya zo da kalangu da lasifika ya tarwatsa kara ba. Wanda ya yi haka tun kafin a ba shi, in an ba shi sai ya kawo jirgin sama. Nan take ya ce Jafaru ne mataimaki. Jafaru ya zo har gindin mota ya miƙa wa Ɗantsoho hannu.

"Bawan Allah, ban san ka ba, amma na gode. Wata uku ina neman kujerar nan ban samu ba, kai ka ba ni a minti biyar."

Makiyaya da dillalai suka yi ta kamo shanu har la'asar. Aka samu kowanne, sai farin san Alhaji kaɗai, wanda aka ce an ga ya miƙe arewa, hanyar Kongolam. Alhaji ya ɗauko igiya ya jefa wa Ɗantsoho a ƙirji.

"Ba muƙami kake nema a wurina ba? Na naɗa ka. Kada in sake ganin fuskarka sai da sana."

Ɗantsoho ya waiga neman tawaga. Babura ashirin sun zama babu ko ɗaya, ministan sufuri ma ya sami fasinja ya yi gaba. Ya tattare yagaggiyar riga ya saɓa a kafaɗa. Ko a haka sai da ya tsaya ya yi wa 'yan kallo bayani.

"Sa irin wannan ba ya bin titi. Gabas zai yi ya nemi ruwa, sannan ya karkato arewa. Na riga na san inda yake tsaye."

Ya shiga gonaki. Ƙaya ta cire masa takalmi ɗaya, karen wata ruga ya raka shi da gudu har ya faɗa kwazazzabo. Mutane kuwa suka ƙi watsewa daga kara, har masu shirin tafiya garin Babban Mutum suka ce motarsu ta jira, sai sun ga ƙarshen abin.

Rana ta yi ja sai ga shi ya ɓullo daga arewa, yana jan farar dabba da igiya, ƙirji a gaba, yana ɗingishi amma yana ɗaga wa jama'a hannu.

"Na gaya muku! Daidai inda na lissafa na same shi!"

A bayansa kuwa, da ɗan rata, wani makiyayi ne daga tsallaken iyaka yake tafe a guje da sanda a sama, yana ihu a tare ɓarawo. A bayan makiyayin kuma ga ɗan maraƙi yana biye yana kuka.

Alhaji Kalilu ya zagaya dabbar sau ɗaya. Ya sunkuya ya duba, ya ɗago. Maraƙin ya iso ya kama nono ya hau tsotsa.

"Ɗantsoho," in ji Alhaji a hankali, "sa na aike ka. Wannan saniya ce. Ga ɗanta yana sha."

Ɗantsoho ya sunkuya shi ma ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Makiyayin ya iso yana haki, ya riƙe masa abin da ya rage na wuyan riga. Sannan Ɗantsoho ya ɗago, ya share gumi, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, lokacin da na kama shi, sa ne. Sai dai in ita ma a minti na ƙarshe aka canza ta."

Makiyayin da ya ɗaga sanda zai sauke masa, dariya ta ƙwace masa, sandar ta faɗi ƙasa.